Gyaran siginar a-kori-kura: bin sawun wuta har zuwa fitilar baya

Motar da na yi wa wannan aiki a-kori-kura ce ta tsohon yayi, mai batir 12V, wadda filasharta, wato 'yar na'urar da ke sa fitilun sigina ƙiftawa, ke zaman kanta kusa da akwatin fiyus. Ciwon a gefen hagu yake. Idan aka ba da sigina ta dama, lafiya ƙalau take ƙiftawa. Idan aka juya hagu sai ta kama ƙiftawa da sauri-sauri, kusan ninkin yadda ta saba, ƙwan baya kuma ya kawo wuta dishi-dishi. Da an taka birki sai ƙwan bayan ya ɗauke gaba ɗaya.

Mutane da yawa da sun ga haka sai su ce filasha ce, su sayo sabuwa. Ban zargi filashar ba, domin ita ɗaya ce take yi wa hagu da dama aiki, haka ma fiyus ɗin. Tunda dama na aiki daidai, su biyun sun fita daga zargi tun kafin a ɗauki sukudireba. Abin da ya rage shi ne duk abin da yake na hagu kaɗai: makunnin da ke jikin sitiyari, wayar da ta fita daga gare shi, holda (mazaunin da ƙwai ke shiga), ƙwai, da kuma hanyar da wuta ke bi ta koma batir. Wannan ta ƙarshen ita aka fi mantawa da ita, kuma a motar ɗaukar kaya ita ta fi lalacewa.

Hanyar wutar ba ta da tsawo. Daga batir ta shiga fiyus, a yawancin motoci ta ratsa ta makunnin hazad (mai sa siginar hagu da dama su ƙifta tare), ta shiga filasha, ta fito zuwa makunnin sitiyari, shi kuma ya tura ta hagu ko dama. A kowane gefe akwai ƙwai na gaba mai 21W, na baya mai 21W, wani lokaci da ƙaramin na gefe mai 5W, sai ɗan kibiyar da ke dashbod. Daga kowane ƙwai wuta na bin wayar negetib ta shiga ƙarfen mota, ƙarfen ya mayar da ita batir. Ƙwai mai 21W yana jan kusan 1.75A, don haka gefe ɗaya yana jan abin da ya kusa 4A. Wannan lissafi yana da muhimmanci, saboda filasha tana lura da yawan wutar da ake ja ta cikinta. Ƙa'idar da ake ƙera motoci a kai ita ce sigina ta ƙifta sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. Filasha mai ɗan allon lantarki a ciki, idan ta ji wutar da ake ja ta ragu, da gangan take ninka sauri don ta sanar da direba cewa akwai ƙwan da ba ya aiki. Tsohuwar filasha mai siririn ƙarfen da zafi ke lanƙwasawa ita kuma akasin haka take yi: idan ƙwai ɗaya ya mutu sai ta rage sauri, ko ta tsaya a kunne ba ƙiftawa, domin wutar ba ta isa ta ɗumama ƙarfen ba. Saurin ƙiftawa dai saƙo ne, filasha ce ke gaya maka wuta ta ragu a wani wuri.

Kafin na kwance komai sai da na zagaya motar da makulli a buɗe, ana kunna mini abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Sigina hagu ita kaɗai, sannan dama, sannan hazad, sannan sigina tare da ƙananan fitilu, sannan sigina tare da birki. A yi wannan a inuwa ko da magariba, domin a tsakar rana ba za ka ga ƙwan da ke kawo wuta kaɗan ba. A nan na ga abin da ya nuna mini hanya. Duk lokacin da siginar hagu ta ƙifta, jar fitilar birki ta hagu tana ɗan yin ja tare da ita, ta dama ma tana ɗan motsawa, alhali ba wanda ya taka birki. Ƙwan gaba na hagu kuwa da cikakken haskensa. Tunda na gaba na samun wuta sosai, makunnin sitiyari ma ya fita. Aiki ya koma bayan mota.

Kayan da na ajiye a gefe ba su da yawa: testa mai ƙwai a ciki, mita mai auna wuta, sukudireba mai baki huɗu da mai faɗi, sifana lamba 10, filaya, samfefa, maganin fesawa na wanke bakin waya, giris ɗin da ake shafa wa soket, dalma da ƙarfen narka ta, robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, da waya mai tsawon mita uku zuwa huɗu da maƙale a kowane baki. Wannan doguwar wayar tana da amfani fiye da yadda ake zato.

Fitilar bayan a-kori-kura tana da sauƙin cirewa. Ka sauke ƙofar bodi, za ka ga kusoshi biyu a gefen fitilar ta ciki. Ka kwance su, ka ja fitilar a miƙe zuwa baya. Kada ka murɗa ta gefe, saboda a ɗaya ɓangaren 'yan ƙusoshin roba ne suka shige cikin rami, kuma idan roba ta tsufa da kaɗan take karyewa. Holda kuma murɗawa ake yi hagu, kamar kwatan zagaye, ta fito.

Na fara da ƙwan duk da na san da wuya a ce shi ne, tunda yana kawo wuta. Gilashinsa bai yi baƙi ba, zaren cikinsa bai tsinke ba. A kan awon Ω, wato yadda abu ke tare wa wuta hanya, mita ta nuna ƙasa da 1Ω, wanda shi ne daidai ga ƙwai mai 21W idan yana da sanyi. Sai ya yi zafi yake hawa kusa da 7Ω. Abin da na fi dubawa shi ne ko ƙwan da ya dace ne a wurin, domin a nan ake yawan yin kuskure. P21W, wanda ake kuma rubuta wa 1156, zare ɗaya gare shi da ɗigon dalma ɗaya a gindi, 'yan kunnuwansa biyu suna fuskantar juna daidai. PY21W mai launin ruwan lemo shi ma zare ɗaya ne, amma an karkatar da kunnuwansa don kada ya shiga holdar farin ƙwai. P21/5W, wato 1157, zare biyu gare shi, ɗigo biyu a gindi, kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo daga gindin. Idan aka tura mai ɗigo ɗaya da ƙarfi cikin holda mai baki biyu, ɗigon sai ya haɗe layukan biyu, ka taka birki fitilun dashbod su kama. Idan aka juya mai zare biyu aka cusa shi a karkace, zaren 5W ya hau layin 21W, sai ka sami haske maras ƙarfi da saurin ƙiftawa. Masu gindin turawa irin su 3156 da 3157, ko 7440 da 7443, su ma haka: na farko zare ɗaya, na biyu zare biyu. Ka karanta lambar da ke jikin tsohon, ka kuma gwada ta da abin da littafin motar ya ce, don mai yiwuwa wanda ya sa tsohon ma ba daidai ya sa ba.

Cikin holdar akwai farar ƙura da ɗan kore-kore a bakin tagulla, alamar ruwa ya taɓa kwana a ciki. Na naɗe samfefa na goge har ƙarfen ya yi haske, na fesa magani, na ɗan ɗago harshen da ke taɓa gindin ƙwai da bakin sukudireba saboda ya riga ya kwanta. Makulli a kashe ake wannan. Na mayar da ƙwai na gwada, ba abin da ya canja. Holdar na bukatar wankin, amma ba ita ce ciwon ba.

Auna wutar da ke zuwa tana ɗaukewa wahala ce, lambobin mita ba sa tsayawa ka karanta. Don haka na zare filashar na tsayar da wutar wuri ɗaya. Filasha mai ƙafa uku an rubuta wa ƙafafunta 49, 49a da 31, ko kuma B, L da E. Ta farko ita ce shigar wuta, ta biyu fitarta zuwa fitilu, ta uku negetib. Mai ƙafa biyu X da L ake rubuta mata. Na haɗa ramin 49 da na 49a da guntuwar waya mai fiyus 10A a tsakiya. Fiyus ɗin nan dole ne, domin idan hannunka ya kuskure ka sa a ramin 31, shi zai ƙone maimakon wayar mota. Da wannan haɗin, idan aka ba da sigina fitilun gefen za su kama su tsaya cak. Wannan dabara ta filasha mai ƙafa biyu ko uku ce kawai. Akwai mai ƙafa takwas wadda hagu da dama ke fita daban-daban daga cikinta. Wannan sai da zanen wayoyin motar a hannu.

Na maƙala doguwar wayar nan a kan negetib na batir, na jawo ta har bayan mota, na haɗa ta da baƙar wayar mita. Dalili shi ne ba na son in dogara da ƙarfen bodi, tunda shi kansa yana cikin waɗanda ake zargi. Da ƙwai a cikin holda yana ci, na taɓa jar wayar mita a wayar da ke kawo wutar sigina. Ta nuna 11.9V, batir kuma na kan 12.4V. Rabin bolt ya ɓace a tsakanin fiyus, makunni da doguwar waya, wannan ba laifi. Wuta na isowa.

Sai na matsar da bakin mita zuwa wayar negetib ta holdar. A waya mai lafiya abin da za ka gani a nan bai kamata ya wuce 0.1V zuwa 0.2V ba. Mita ta nuna sama da 6V. Wato rabin ƙarfin batir yana tsaye a bayan ƙwan ya rasa hanyar komawa, abin da ya rage wa ƙwan kansa bai kai rabi ba.

Ina so a lura da yadda aka yi wannan awon, domin a nan ne masu gyara da yawa ke ɓata. Idan ka zare ƙwai ka sa mita a kan awon Ω ko mai ƙarar nan, ka taɓa negetib da ƙarfen mota, za ta iya yi maka ƙara ta ce hanya a buɗe take. Mita ɗan mitsitsin wuta take turawa, silin tagulla ɗaya da ya rage a cikin ruɓaɓɓiyar waya ya isa ya ɗauke shi. Amma silin nan ba zai ɗauki 2A ba. Haka kuma idan ka zare ƙwai ka auna fozitib, wato wayar da ke kawo wuta, za ka ga 12V cif ko da wayar ta kusa tsinkewa, saboda ba abin da ke jan wuta. Lalacewar waya ba ta bayyana sai ana jan wuta ta cikinta. Shi ya sa nake awo da ƙwai a kunne, shi ya sa kuma testa mai ƙwai ta fi mita faɗin gaskiya a wasu wurare, don ita tana jan wuta da kanta.

Wannan awo ya bayyana duk abin da na gani a zagayen farko. Ƙwayayen fitilar baya, na sigina da na birki da na ribas, negetib ɗaya suke rabawa. Wuta kamar ruwa take, idan ka toshe mata hanya sai ta nemi wata. Da ta fito daga ƙwan sigina ta tarar da negetib a toshe, sai ta shiga zaren birki na hagu ta baya, ta bi wayar birki ta tsallaka dama, ta ratsa zaren birki na dama, ta sauka ta negetib ɗin can mai lafiya. Ƙwai uku ke nan a jere suna raba 12V, shi ya sa kowanne ya kawo dishi-dishi, wutar da ake ja ta ragu, filasha ta ninka sauri. Da an taka birki kuma, layin birkin da take bi ta gudu ya cika da 12V, ƙwan sigina ya sami wuta ta gaba da ta baya kusan daidai, sai ya mutu. Duk lokacin da ka ga wata fitila na amsa kiran da ba nata ba, ka fara da negetib.

Don in tabbatar, na cire doguwar wayar daga mita na taɓa ta kai tsaye a negetib ɗin holda. Nan take ƙwan sigina ya kawo cikakken haske, jar fitilar ta mutu.

Saura a gano inda ta lalace. Na kashe makulli, na cire kan negetib na batir da sifana 10, na sa wa tayoyi waigi, na shiga ƙarƙashin bodi da tocila. A nan a-kori-kura ta bambanta da ƙaramar mota. A ƙaramar mota wayoyin baya ta cikin ɗaki suke bi, a rufe. A motar ɗaukar kaya kuwa damin wayoyin a jikin shasi yake kwance, tayoyin baya na watsa masa ruwa da laka da tsakuwa, ga zafin salansa, ga girgizar bodi idan ba kaya. Na bi wayar negetib daga fitila, tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba, har inda aka ɗaure ta da noti a jikin shasi. Daga nesa ɗaurin lafiya yake. Da na ɗan ja wayar sai na ji ta miƙe kamar roba, alamar tagullar ciki ta rabu, fatar waje ce kawai ke riƙe. Da na kwance notin, zoben bakin wayar ya yi tsatsa har ya kumbura, ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya yi ɓawo.

Na yanke wayar ina ja da baya har sai da na iske tagulla mai sheƙi. Tagullar da ta yi baƙi ko kore ba ta kama dalma, kuma ruɓar tana bin cikin fata ta yi nisa fiye da inda ido ke gani. A wannan wayar sai da na zubar da kusan tsawon tafin hannu biyu. Na ƙara sabuwa mai kaurin 1.5mm², domin wannan waya ita ke ɗaukar wutar fitilar gaba ɗaya: birki 21W, sigina 21W, ribas 21W, ƙaramar fitila 5W, jimla 68W, kusan 6A idan duk suka kama tare. Na matse sabon zobe a baki, na bi shi da dalma, na rufe da robar tsukewa. Jikin shasin na goge shi da samfefa har farin ƙarfe ya fito, faɗin da ya ɗan fi zoben. Na ɗaure tam da washa mai haƙora, ɗan faifan ƙarfen nan da ake sawa a ƙarƙashin noti, sannan na shafe saman da giris. Giris bayan ɗauri ake sa shi, aikinsa hana ruwa shiga. Fenti ko tsatsa a ƙarƙashin zobe kuwa daidai yake da ba a ɗaura ba.

Tunda ina ƙarƙashin motar, na bi damin wayoyin gaba ɗaya da hannu, kuma na ga abin da zai kawo matsala ta gaba. An taɓa jona soket ɗin tirela kusa da bamba, da irin maƙalan nan masu ɗan ƙarfe da ke yanka fatar waya su cije tagulla. Ba na son waɗannan maƙalai a ƙarƙashin mota ko kaɗan. Suna yanke wasu silin tagullar tun ranar da aka sa su, su bar ƙofa a buɗe ga ruwa. Biyu daga ciki sun yi kore, ɗaya kuma a kan wayar siginar dama yake. Murfin soket ɗin ya karye, cikinsa cike da busasshiyar laka, wadda idan ta jiƙe tana iya haɗa ƙafafun da juna. Na cire maƙalan, na yanke wurin da suka cije, na sake haɗa kowace waya: a zura robar tsukewa tukuna, a murɗa bakin biyu a miƙe, a narka dalma ta shige cikin silin, a jawo robar ta rufe, a gasa ta. Robar da ke da gam a ciki ta fi, don tana toshe ruwa. Tef shi kaɗai ba ya daɗewa a wurin da ke jiƙewa yana zafi. Kada haɗin ya zo daidai inda waya ke lanƙwasawa, saboda wurin dalma ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake yi. Na ɗaure damin a jikin shasi duk bayan taƙi ɗaya, nesa da salansa da sifirin, na bar ɗan sassauci a inda waya ke tashi daga shasi ta hau bodi, tunda su biyun ba tare suke motsi ba.

Da ciwon na cin fiyus ne, a wannan wurin zan fara nema. Hanyar da nake bi ita ce in cire fiyus ɗin in jona ƙwai mai 21W a ramukansa biyu. Idan akwai wayar da ta fige tana taɓa ƙarfe, ƙwan zai kama da cikakken haske, kuma shi zai tare wutar kada waya ta ƙone. Sai ka riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya, kana girgiza damin wayoyi, har ka ga hasken ya faɗi. Inda ka taɓa ya faɗi, nan ne. Kada a ƙara girman fiyus don ya daina ƙonewa. Fiyus mai ƙafa biyu launinsa ke faɗin ƙarfinsa, ja 10A, shuɗi 15A, rawaya 20A, kuma an zaɓe shi ne daidai da kaurin wayar da yake karewa. Idan ka sa 20A a gurbin 10A, wayar ce za ta narke a cikin dami, ta tafi da maƙwabtanta.

Idan kuma hagu da dama ne suka mutu tare, aikin a cikin kan mota yake, kuma hazad ne zai raba maka gardama. Hazad kai tsaye yake samun wuta daga batir ta nasa fiyus, sigina kuma sai an buɗe makulli. Idan hazad na aiki sigina ba ta yi, ƙwayaye da wayoyin waje duk lafiya suke. Ka duba fiyus ɗin sigina da testa a 'yan ƙarafan nan biyu da ke bayansa, makulli a buɗe. Wuta a gefe ɗaya kawai na nufin ya ƙone, ko da ido bai gani ba. Idan fiyus lafiya, ka danna makunnin hazad ka saki sau goma ko fiye. Wutar sigina ta cikinsa take wucewa, kuma da yake ba a cika taɓa shi ba, bakinsa kan yi datti. Sau da yawa wannan dannawar kaɗai na dawo da sigina, abin da ke nuna makunnin na son wanki ko canji. Idan hazad da sigina duk shiru, ka yi haɗin 49 da 49a da na faɗa: fitilu suka kama, filasha ce ta mutu, ba su kama ba, ka duba ko wuta na isowa ramin 49 ɗin ma.

Makunnin sitiyari shi nake bari ƙarshe. Alamarsa ita ce gefe ɗaya ya mutu gaba da baya alhali hazad na kunna duka huɗun, ko kuma sigina ta kama sai ka riƙe hannun a wani matsayi. A yawancin motoci murfin roba na sama da na ƙasa kawai za ka cire, kusoshi biyu ko uku, makunnin ya fito ba tare da an cire sitiyari ba. Idan motar na da jakar iska, wadda ke kumbura ta kare direba a lokacin haɗari, a cire batir a jira lokacin da littafin motar ya faɗa kafin a sa hannu, kuma duk soket ko waya mai launin rawaya a wurin ta jakar iska ce, ba a kai mata testa ko mita. Siginar da ba ta komawa da kanta bayan an gama kwana ba matsalar wuta ba ce, ɗan haƙorin roba ne da sitiyari ke turewa ya cinye ko ya karye.

Akwai motocin ɗaukar kaya, musamman ƙirar Amurka, da ba su da ƙwan sigina daban a baya. Jan zaren birki shi ne kuma na sigina. A irinsu wutar birki ta cikin makunnin sigina take bi kafin ta je baya. Idan birki da sigina suka mutu tare a gefe ɗaya, ƙwai da negetib kuma lafiya, makunnin ne, ko da yake ba wanda zai yi tunanin neman ciwon birki a jikin sitiyari.

Wanda ya sa ƙwan LED ya ga sigina ta haukace da sauri, ba abin da ya lalace. LED wuta kaɗan yake ja, filasha ta ɗauka ƙwai ya mutu. Gyara mai tsabta shi ne a sa filashar da aka yi don LED. Ɗaya hanyar ita ce a jona rezista mai 6Ω da 50W tsakanin wayar sigina da negetib a kowane ƙwai, ta ja kusan 2A a madadinsa. Tana zafi sosai, sai a ɗaure ta a jikin ƙarfe nesa da roba da waya. Aibinta shi ne ranar da LED ɗin ya mutu filasha ba za ta sani ba, kai ma ba za ka sani ba sai ka sauka ka duba. Sababbin motoci kuma ba su da filashar da za ka zare. Kwamfutar jikin mota ce ke kunna sigina, ƙarar ƙas-ƙas ɗin ma daga ƙaramar lasifika take fitowa. A irinsu ƙwai, holda, waya da negetib duk yadda na faɗa ake duba su, amma ba a jona waya a tura wuta cikin layin da ya fito daga kwamfuta, kuma wasunsu kan yanke wutar layin da suka ga matsala a kai, sai an gyara an kashe makulli an sake buɗewa.

Kafin na mayar da fitilar na nemi ta inda ruwa ya shiga. Robar bakin holdar ta bushe ta tsage, na canja ta, na shafa giris kaɗan a gindin ƙwai da bakin soket. Na mayar da kan batir, na bar haɗin filashar a wurinsa na sake awo da ƙwai a kunne: negetib ya sauko 0.05V. Na sa aka taka birki aka kunna ƙananan fitilu a lokaci guda, domin negetib ɗin ya ɗauki nauyi sosai, bai kai 0.1V ba. Na auna na dama shi ma, tunda shekarunsu ɗaya kuma laka ɗaya suke sha. Yana kan 0.4V, don haka na kwance shi na goge tun bai kai ga na hagu ba. Sannan na cire guntuwar wayar, na mayar da filasha, na tayar da inji, batir ya hau 14.1V. Na ƙirga ƙiftawa cikin daƙiƙa 15: hagu 21, dama 21, wato 84 a minti. Na maimaita zagayen farko gaba ɗaya, sigina ita kaɗai, da ƙananan fitilu, da birki, da ribas, da hazad, kowace fitila na kamawa a lokacinta, ba wadda ke motsi idan ba ita aka kunna ba. Daga nan na tura fitilar cikin ramukanta na ɗaure kusoshin biyu, ba da ƙarfi sosai ba don kada robar ta tsage.